Nukiliya ko motocin da ba sa shan fetur, wanne zai fi rage hayaƙin da ke ɗumama duniya?

Abba Ɗalibi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku raba mu da wani abokina, jiya mun yi musu har muryoyinmu suka dushe. Shi ya ce in ƙasa tana da kuɗi ƙayyadaddu kuma tana son rage hayaƙin nan mai ɗumama duniya to gara ta zuba su a tashoshin nukiliya, ni kuma na ce a'a a fara da motoci tunda su muke gani kullum suna turnuƙe titi, a koma masu lantarki ko masu gas ko masu man rake. Masu ilimin abin ku taimaka

Injiniya Kabiru:
Wa'alaikumus salam ƙanina. Kar ka ji haushi amma abokinka ya fi ka kusa da gaskiya. Hayaƙin mota kana ganinsa ne shi ya sa ya tsole maka ido, na tashar kwal kuwa yana can bayan gari ba wanda yake kallonsa alhali shi ne babba. Tashoshin samar da wuta da zafin ɗumama gine-gine su ke fitar da wajen kashi 40 cikin 100 na iskar kabon da ake samu daga makamashi a duniya, sufuri gaba ɗayansa har da jiragen sama da na ruwa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sannan duba lissafin kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin sauyin yanayi, duk kilowat ɗaya na awa guda in da kwal aka samar da shi giram 820 na kabon ne, in da gas ne 490, nukiliya kuwa giram 12 kacal, kuma wannan har da haƙo yuraniyom ɗin da simintin ginin da komai. 820 da 12 fa. Ina musun yake

Maman Ilham:
Injiniya ranka ya daɗe lissafinka daidai ne amma ka ɓoye mana lokaci. Yaushe za a gama ginin? Faransa ta fara gina injin nukiliya na Flamanville 3 a 2007, sai Disamban 2024 aka jona shi da layin wuta, shekara 17 kenan, yaron da aka haifa ranar da aka sa harsashi ya kusa gama sakandare. An ce zai ci yuro biliyan 3 da ɗoriya ya ƙare a wajen 13. Finlan ma haka, Olkiluoto 3 an fara 2005 sai 2023 ya fara aiki sosai. Na Vogtle a jihar Jojiya ta Amurka guda biyu sun lashe sama da dala biliyan 30. Duk shekarun nan da ake jira kwal fa yana ci bai tsaya ba. Motar lantarki kuwa yau ka saya yau ka daina ƙona fetur

Injiniya Kabiru:
Hajiya kin zaɓo guda ukun da suka fi kowa jin kunya kin jera hhh. To ga nawa. Daular Larabawa ta ba kamfanin Koriya ta Kudu aikin tashar Barakah mai injina huɗu, an fara 2012, na farko ya fara ba da wuta 2020, zuwa 2024 duka huɗun suna aiki, yanzu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar ƙasar daga nan yake fitowa, ƙasar da ba ta taɓa gina ko ɗaya ba. Ita kanta Faransar, bayan rikicin man fetur na 1973 ne firaminista Messmer ya fito da shirinsa a 1974, cikin shekara goma sha biyar ko makamancin haka suka jera injinan nukiliya sama da hamsin, har yau wajen kashi biyu cikin uku na wutarsu nukiliya ce. Sirrin kawai shi ne sun riƙe samfuri ɗaya suna ta maimaitawa, ma'aikatan da suka gama wannan su wuce na gaba hannunsu ya riga ya faɗa. Da suka yi shekaru ba su gina ba ƙwararrun suka yi ritaya, shi ne da aka zo Flamanville hatta walda sai da aka yi ta warwarewa ana sakewa

Ɗanladi Makaniki:
Ni dai ba ɗan boko ba ne amma bari in sa baki. Ranar da aka fara kawo min motar lantarki gareji wlh da na ɗaga bonet tsayawa na yi kamar baƙauye, ba filogi ba tankin mai ba salansa ba inda za ka juye baƙin mai, yaran shagona suka zagaye ta suna leƙe. Mai ita ya tada ta ban ma san ta tashi ba sai da ta motsa. Shekarata sama da ashirin ina shaƙar hayaƙin salansa, akwai ranar da za a kawo tsohuwar dizal a yi ta ba ta wuta a cikin rumfa, in na koma gida na fyace hanci baƙi ƙirin yake fitowa. To ni ko ba ɗumamar yanayi ina goyon bayan Hajiya, duk da na san in suka yi yawa rabin sana'ata ta tafi

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Malam Ɗanladi, ka ga wanda abin ya shafa kai tsaye kenan. Tashar nukiliya ko guda ɗari ka gina ba za ta cire hayaƙin da yaro ke shaƙa a bakin titi yana jiran motar makaranta ba

Injiniya Kabiru:
Malam Ɗanladi ina girmama maganarka amma tambaya ɗaya, wutar da aka yi wa motar nan caji daga ina ta fito? Ku ɗauko biro mu yi tare. Motar fetur matsakaiciya tana shan kamar lita 7 a kilomita 100, kowace lita in ta ƙone tana ba da kilo 2.3 na kabon, kilo 16 kenan. Motar lantarki a wannan tafiyar tana cin kamar kilowat 18 na awa guda. In wutar ta kwal ce, 18 sau giram 820, kusan kilo 15. Kun gani? 16 da 15. Salansar ce kawai aka ɗauke daga bayan motar aka kai ta tashar kwal. Amma in wutar nukiliya ce 18 sau 12, bai kai rubu'in kilo ba. Mota ɗaya ce, direba ɗaya, titi ɗaya, soket ɗin da aka jona ta ne kawai ya bambanta

Abba Ɗalibi:
Kai. Wannan lissafin ya kashe min jiki gsky

Dakta Hauwa:
Abba kar jikinka ya mutu tukuna, Injiniya ya ɗan yi wayo a lissafin. Ya ƙirga wa kwal komai tun daga rami, amma fetur ya ƙirga abin da ya fito ta salansa kawai, ya bar haƙo ɗanyen man da tace shi a matata da dakonsa a tanka, in ka haɗa waɗannan kilo 16 ɗin nan zai doshi 20. Na biyu kuma da wuya ka samu ƙasar da wutarta kwal ce zalla ɗari bisa ɗari, ko Folan da Chaina da Indiya da aka san su da kwal suna da gauraye. Na uku wanda ya fi muhimmanci a wurina, motar fetur ranar da ka saye ta ita ce ranar da ta fi tsafta, daga nan sai dai ta ƙara lalacewa, ta lantarki kuwa duk shekarar da aka rufe tashar kwal guda aka maye gurbinta to motar da ke ajiye a ƙofar gidanka ta ƙara tsafta ba tare da ka taɓa ko kusa ɗaya a jikinta ba

Injiniya Kabiru:
Na karɓi gyara Dakta a kan na farkon, da gangan na sauƙaƙa. Amma na ukun ai maganata kika ƙarfafa, sai an gyara wutar tukuna

Dakta Hauwa:
Sai an gyara wutar eh, amma wa ya ce sai da nukiliya? A lissafin IPCC ɗin da ka kawo wutar injin iska ma giram 11 zuwa 12 ce, sola kuma arba'in da wani abu, kuma gonar sola shekara ɗaya ko biyu an gama ta

Injiniya Kabiru:
Da daddare fa? Mutane sun dawo daga aiki magariba ta yi kowa ya jona motarsa, rana ta faɗi, iska ta kwanta. Tashar nukiliya a Amurka tana aiki sama da kashi 90 na lokacin shekara, ba ruwanta da dare ko damina

Baffa Sule:
Yara ina ta karanta ku. Ni na girme ku duka ina jin, ina saurayi na ji labarin fashewar tashar nukiliya ta Chernobil a rediyo a 1986, har yau garin Pripyat da ke kusa da ita kango ne ba mai kwana a ciki. Aka ce ai wannan sakacin Tarayyar Sobiyet ne, to sai ga Japan a 2011, mutanen da duniya ta sallama musu wajen tsari, hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima ya tashi mutum sama da dubu 150 daga gidajensu. Motar lantarki in ta kama da wuta mota ɗaya ce ta ƙone. Wancan in ya ɓaci yanki guda ne. Sannan sharar da ake cewa tana dubban shekaru da dafinta, wa za a bar wa? Jikokin jikokinmu da ba a yi shawara da su ba?

Dakta Hauwa:
Baffa Allah ya ƙara girma, a nan kam zan koma ɓangaren Injiniya duk da yanzu muka gama faɗa. A Chernobil ma'aikata da 'yan kwana-kwana wajen 30 ne suka rasu a watannin farko, sai kuma cutar dajin thyroid da ke wuya da ta kama dubban yara daga baya saboda madarar da ta gurɓata, ba ƙaramin abu ba ne. A Fukushima igiyar ruwan teku ta tsunami ce ta kashe dubban mutanen da ake faɗa, kwashe tsofaffi da marasa lafiya a gaggauce ya kashe mutane fiye da tururin nukiliyar kansa nesa ba kusa ba. Yanzu ajiye wannan a gefe, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iskar waje tana kashe mutum sama da miliyan 4 duk shekara, kuma babban kaso daga ƙona kwal da mai ne. Su waɗannan ba a rediyo ake sanar da su ba, ɗaya ɗaya suke tafiya a gadon asibiti da tari da ciwon zuciya, ba wanda zai ce tashar kwal ce ta kashe su. Ni a wurin aiki su nake gani

Baffa Sule:
To 'yata na ji. Sharar fa ba ki amsa ba

Injiniya Kabiru:
Baffa bari in amsa. Sharar tana da haɗari ba ƙarya amma ƙanƙanuwa ce kuma daskararriya ce, ana fara jiƙa sandunan yuraniyom da aka gama amfani da su a tafkin ruwa na wasu shekaru su huce sannan a sa su a manyan tukwanen ƙarfe da kankare, za ka iya zuwa ka ƙirga su da yatsa. Finlan ta haƙa rami mai suna Onkalo sama da mita 400 a cikin dutse don binne tata. Sharar kwal da fetur kuwa sama ake watsa ta kowa ya shaƙa. Inda zan yarda da kai shi ne yawancin ƙasashe har yau ba su da matsuguni na dindindin, Amurka ta yi shekaru tana jan ƙafa a kan binne tata a dutsen Yucca har aka watsar

Nura Mai Gas:
Ku kun maida abin lantarki da nukiliya kawai, Abba fa ya ambaci gas da man rake. Barazil tun 1975 ta fara shirin itanol daga rake, daga 2003 kuma suka fito da motocin da za ka zuba musu fetur ko itanol ko ka gauraya duk ɗaya, yanzu yawancin ƙananan motocinsu haka suke. Ba batir ba jiran caji ba sai an sayi sabuwar mota mai tsada ba. Gas ma haka, tsohuwar motarka za a sa wa tukunya a but shikenan

Maman Ilham:
Nura na Barazil na yarda yana da amfani don rake yana ba da mai da yawa kuma da ɓawonsa suke hura injin matatar. Amma je ka Amurka inda da masara suke yi, sama da kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar tankin mota take tafiya, ga taki ga dizal na tarakta ga gas na dafawa, in ka gama lissafi ribar da aka samu a kabon ba ta taka kara ta karya ba. Kuma ni abin da ke damuna gona ce, duniya na da motoci sama da biliyan ɗaya, in duka za su sha daga gona ina mutane za su ci? Ƙarshenta daji za a sare a yi shuka, an gudu ba a tsira ba

Injiniya Kabiru:
Gas ɗin ma Nura ragin bai wuce kamar kashi 20 ba a kan fetur, kuma shi methane ne, in ya tsiyaya daga bututu ko wajen cika tukunya ba tare da ya ƙone ba, a cikin shekara 20 ɗumamarsa ta ninka ta kabon wajen sau 80. Yoyo kaɗan ya cinye ribar. Yana da kyau don aljihu da tsaftar iskar gari, wannan ban musa ba

Nura Mai Gas:
Hmm to haidurojin fa? Toyota Mirai tun 2014 take, ruwa kawai ke fita ta salansa

Dakta Hauwa:
Ruwa ke fita amma tambayi inda aka samo haidurojin ɗin, mafi yawansa yau daga gas ake tatsarsa kuma kabon ɗin a matatar ake sakinsa. In kuma da lantarki za ka raba ruwa ka samu, ka matse shi ka yi dakonsa ka sake maida shi lantarki a cikin motar, kusan kashi biyu cikin uku na wutar ya salwanta a hanya. Da ka zuba ta kai tsaye a batir da ta kai ka ninki biyu ko fiye

Ɗanladi Makaniki:
Tunda an zo batir, ni fa shi ne abin da ban gane ba. Wanda na gani shimfiɗe yake a ƙarƙashin motar gaba ɗaya, nauyinsa ya fi na injin da giyabos a haɗe. Wannan ƙarfen duk daga ina? Ba hayaƙi ake yi wajen haɗa shi ba?

Dakta Hauwa:
Ana yi sosai Malam. Motar lantarki da bashin kabon take fitowa daga masana'anta, ya fi na motar fetur, sai ta yi tafiyar shekara ɗaya zuwa biyu kafin ta biya in wutar mai tsafta ce, in ta kwal ce ya fi haka daɗewa. Litiyom daga Ostareliya da Chile yawanci, kobalt kuwa wajen kashi 70 daga Kwango Kinshasa, kuma kowa ya ji labarin yaran da ke shiga ramuka a can. Sauƙin da aka samu yanzu akwai batir ɗin LFP da ba ya buƙatar kobalt sam, Chaina ta fi kowa yin sa

Injiniya Kabiru:
Sannan ga abin da Hajiya ba ta faɗa ba da take min gorin lokaci. Mota fa tana shekara 15 zuwa 20 a kan titi. Nowe ce zakara, a 2024 kusan tara cikin goma na sabbin motocin da aka sayar masu lantarki ne, amma duk da haka a shekarar yawancin motocin da ke yawo a titunansu na dizal da fetur ne, don tsofaffin ba su mutu ba. Kuma su wutarsu ta madatsun ruwa ce tun asali shi ya sa abin ya yi musu kyau. To canza motocin ƙasa kaf shi ma aikin shekara ashirin ne, kuma sai ka shawo kan mutum miliyoyi ɗaya bayan ɗaya, tasha kuwa gwamnati ɗaya ce za ta sa hannu

Maman Ilham:
Gwamnati ɗaya ce za ta sa hannu, gwamnati ɗaya ce kuma za ta soke. Jamus fa? Bayan Fukushima suka yanke rufe tashoshinsu na nukiliya, Afrilun 2023 suka kashe ukun ƙarshe suna lafiyarsu ƙalau, alhali tashoshin kwal na ci. Ni ban ce sun kyauta ba, wauta ce a ganina a rufe wadda aka riga aka gina aka biya. Amma ya nuna maka kuɗin da ka zuba zaɓe ɗaya zai iya binne shi. Ita Faransar taka ma a 2022 kusan rabin tashoshinta a kashe suke saboda tsatsa da aka gano a bututu da gyare-gyare, sai da ta sayo wuta daga maƙwabta. Motoci miliyan 17 masu caji da aka sayar a duniya a 2024 kuwa ba majalisar da za ta zauna ta kwashe su daga titi

Abba Ɗalibi:
To yanzu ni me zan je in ce wa abokina? Na tura masa duka ya ce shi ya ci

Injiniya Kabiru:
Ka ce masa in ƙasar kwal take ƙonawa shi ya ci, a fara da wutar

Maman Ilham:
Ka ce masa in ƙasar ba ta da hukumar sa ido mai ƙarfi da layukan wuta masu ɗaukar megawat dubu daga tasha ɗaya to ko kyauta aka ba ta nukiliyar ba ta da inda za ta jona ta. Kuma ni da ni ce mai kuɗin ba ƙananan motoci zan fara saya wa masu hali ba, bas bas na haya da babura da masu ƙafa uku zan fara maida wa lantarki, su ne ke yini a titi daga asuba zuwa dare, bas ɗaya ta fi motar gida talatin ƙona mai

Injiniya Kabiru:
Talatin ɗin nan daga ina Hajiya hhh

Maman Ilham:
Daga bakina, ƙiyasi ne, kai ma ka zauna ka lissafa awa nawa motarka take yi a ajiye a rana

Nura Mai Gas:
Ba wanda ya taɓo tirela da jirgin sama da na ruwa fa, su wane soket za a jona su? A nan ne man rake da haidurojin ɗin da kuka yi wa dariya za su dawo

Ɗanladi Makaniki:
Nura riƙe wannan sai dare, ina da magana a kan tirela don na yi shekara shida ina gyaransu kafin in koma ƙananan motoci. Yanzu an turo min wata ta ƙi tashi tun safe mai ita yana tsaye a kaina